Garin kunun haɗi da ake sayarwa a Maraɗi: abin da yake ba jiki da abin da ya rage

A ƴan shekarun nan garin kunu na leda, wanda ake haɗa hatsi, wato gero, da waken suya da gyaɗa a niƙe su tare, ya yawaita a shagunan Maraɗi, har ya kai ana ganinsa a wasu farmasi a jere da madarar gwangwani da garin jarirai na ƙasashen waje. Wanda zan yi magana a kansa na wata ƙungiyar mata ce da ke da ɗan shago ba nisa da Babbar Kasuwa, suna sarrafa garin a tsakar gidan da ke bayan shagon, suna sayar da ledar rabin kilo a kan dala 100, wato sefa 500. Ba zan ambaci sunan ƙungiyar ba, domin akwai abubuwan da zan kushe, kuma aibin da na gani a nasu garin na gan shi a na wasu da dama. A gidana ana dama shi tun lokacin da ƴar autarmu ta cika wata 6 aka fara ba ta kunu a kan nonon uwa, kuma mahaifiyata, wadda haƙoranta suka yi rauni, ita ma da shi take karya kumallo.

A gaban ledar an buga da manyan haruffa, da Faransanci da Hausa, cewa garin cikakken abinci ne ga yaro da babba, kuma wannan iƙirarin ne ya sa na ga ya dace a auna shi da abin da jikin ɗan Adam yake buƙata a zahiri. Masana abinci sun kasa buƙatun jiki gida shida: sitaci da sukari masu ba da kuzari, furotin mai gina tsoka da jini, maiƙo, bitamin, ma'adanai irin su ƙarfe da zinki da kalsiyam da aidin, sai kuma ruwa. Ukun farko jiki yana son su da yawa, shi ya sa ake lissafa su da giram. Bitamin da ma'adanai kuwa da miligiram ake auna su, wasu ma ƙasa da haka, amma rashinsu yana iya makantar da yaro, ya ƙarar masa da jini, ko ya tsumburar da shi. A ganina garin ya yi abin a yaba a kan ukun farko, ya gaza a kan bitamin da ma'adanai, kuma rubutun ledar bai gaya wa uwa wannan gaskiyar ba.

Garin yana da launin ƙasa-ƙasa mai haske, an tankaɗe shi da kyau, kuma idan aka murza shi tsakanin yatsu ba a jin tsakuwa ko ɓarzajjen wake. Da an buɗe ledar ƙamshin soyayyar gyaɗa ne yake fara tashi, sannan na toyayyen hatsi ya biyo baya. Abin da na fi sa wa ido shi ne gafi, domin ɗanyen waken suya yana ɗauke da wani sinadari da ke hana hanji narkar da furotin yadda ya kamata, kuma zafin wuta ne yake karya shi, saboda haka garin da aka yi da waken da bai soyu ba yakan dami cikin yaro, sannan furotin ɗin da aka biya kuɗi dominsa ya wuce jiki bai ƙaru da shi sosai ba. A wannan garin ban ji gafi ba, ko da na lasa shi a bushe. A wata leda da aka saya cikin damina dai na ji ɗan ƙauri, alamar wuta ta yi wa waken yawa, kuma wannan ma hasara ce, tunda suyar da ta wuce kima tana rage ingancin furotin.

Shugabar matan ta ba ni izinin shiga tsakar gidan in ga yadda suke aiki, kuma abin da na gani a can ne ya fi kwantar mini da hankali a kan garin. Na tarar da mata zaune a kan tabarma a inuwar dogon yaro, kowace da faifai a kan cinya, suna tsintar gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, suna ware wadda ta motse, da wadda ta fashe, da wadda cikinta ya yi baƙi ko ya soma kore, suna jefawa a wani tsohon kwano da ke tsakiyarsu. Na ce, “Hajiya, wannan da kuke warewa ina take zuwa?” Ta ce, “Malam, a da kaji muke watsa wa, amma tun da aka yi mana horo ƙona ta muke yi, don an ce ko dabba bai kamata ta ci ba.” Maganarta tana kan hanya. Gyaɗar da ta sha damshi a gona ko a rumbu takan kama wata irin fumfuna mai fitar da guba da ake kira afulatoksin, wadda suya ba ta kashe ta, tafasa ma ba ta kashe ta, kuma shan ta a hankali shekara da shekaru yana lalata hanta har ya kai ga sankara, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Tsinta da hannu tana rage gubar ƙwarai, domin yawanci a cikin ƴan ƙwayoyin da suka lalace take taruwa. Maraɗi ta san gyaɗa tun zamanin Turawan mulkin mallaka, lokacin da ita ce ginshiƙin arzikin garin, har gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 domin cinikinta, kafin farin shekarun 1970 ya karya noman. Amma a wancan zamani nauyin buhu da yawan mai ake dubawa, ita kuwa gyaɗar da za ta shiga cikin jariri sai an duba ta ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage shi ne ledar ba ta nuna cewa an taɓa kai garin ɗakin gwaji ba, don haka amincin da nake da shi a kan idon matan ya dogara.

Babbar fa'idar garin tana cikin haɗin kansa. Hatsi abinci ne mai daraja, domin giram 100 nasa yana ba da kalori, wato ma'aunin kuzarin abinci, wajen 360 da furotin kusan giram 11, alhali farar shinkafa ba ta wuce giram 7 ba. Sai dai furotin ba abu ɗaya ba ne dunƙule. Jiki yana harhaɗa shi daga ƙananan sinadarai guda 20 da ake kira amino asid, 9 daga cikinsu ba ya iya ƙera su da kansa, dole daga abinci za su zo, kuma hatsi da dawa da masara duka suna da ƙarancin ɗaya daga cikin taran nan mai suna laisin. Lamarin kamar tela ne da aka jibge wa yadi amma zarensa ya ƙare, ɗinki zai tsaya ne a inda zaren ya tsaya, komai yawan yadin. Wake da waken suya suna da laisin mai yawa, su kuma suna da ƙarancin metiyonin, wanda hatsi yake da shi, don haka idan suka haɗu a kwano ɗaya kowane yana cike giɓin ɗan'uwansa. Iyayenmu sun daɗe suna cin wannan haɗin a shinkafa da wake, da ɗanwake, da tuwo da miyar wake, haka nan fura da nono. Abin da bai samu wannan gata ba shi ne kunun yaye, wanda a gidaje da yawa gasara ce kawai da ruwa da sukari. Waken suya yana da furotin fiye da giram 35 a cikin 100, gyaɗa kuma wajen giram 25, amma laisin ɗin gyaɗa bai kai na wake ba, saboda haka nauyin gyaran yana kan waken suyan ne, kuma yawansa a cikin garin shi ne abin da mai saye ya fi buƙatar sani.

A nan ne na fara cin karo da gazawar ledar, domin ta lissafa abubuwan da aka haɗa amma ba ta faɗi kason kowane ba. Da na tambaya, sai aka ce mini da tiya suke awo, hatsi ya fi rabi, wake ya ninka gyaɗa. Wannan ya yi kusa da tsarin garin kunun yara mai suna Misola, wanda aka fara yi a Fada Ngurma ta Burkina Faso a 1982 kuma ake yin sa a Nijar, inda hatsi yake kashi 60 cikin 100, waken suya 20, gyaɗa 10, sukari 9, gishiri 1. Idan na ɗora lissafi a kan wannan tsarin, giram 100 na garin zai ba da kalori wajen 400, furotin kusan giram 16, da maiƙo kusan giram 12. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yaron da ke shan nono yana buƙatar ƙarin kalori 200 a rana daga abinci tsakanin wata 6 zuwa 8, kalori 300 daga wata 9 zuwa 11, da 550 daga shekara ɗaya zuwa biyu. Ke nan giram 50 na garin ya ishi ɗan wata 7 a rana, leda guda ta yi masa kwana 10, kuɗin rana ya kama dala 10. Ga mai ƙaramin ƙarfi wannan farashi ne da za a iya ɗauka, kuma ya yi ƙasa ƙwarai da na garin gwangwani da ake shigowa da shi. Amma lissafi ne da na yi da kaina a kan abin da aka gaya mini da baki, kuma bai kamata a ce uwa sai ta shiga tsakar gidan masu gari kafin ta san abin da take ba ɗanta ba.

Maiƙon da ke cikin garin abin so ne. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, yayin da sitaci da furotin kowane yake ba da 4, kuma bitamin A da D da E da K ba sa shiga jini sosai sai da maiƙo a tare da su. Matsalarsa ita ce lalacewa, domin niƙaƙƙiyar gyaɗa da niƙaƙƙen hatsi ba sa jure ajiya, balle a watannin Afrilu da Mayu da zafin Maraɗi yake haura digiri 40. Na taɓa sayen leda a wani shago na daban da ke sarar garin, na tarar ya soma maƙaƙi a maƙogwaro, kuma babu kwanan watan da aka yi shi ko ranar da zai lalace a jikin ledar da zan kafa hujja da shi.

Inda na fi son masu garin su gyara shi ne bayanin damu. An rubuta a zuba cokali uku a kofi ɗaya na ruwa, ba a faɗi girman cokalin ko na kofin ba, alhali a nan ne amfanin garin yake tabbata ko ya salwanta. Cikin jariri ƙarami ne, yana ɗaukar kimanin mililita 30 a kan kowane kilo na nauyinsa, wato ɗan kilo 8 ba zai sha fiye da kofi ɗaya matsakaici a zama guda ba. Idan aka cika wannan kofin da tsararon kunu, yaron zai ƙoshi da ruwa, ya yi barci, uwa ta ɗauka ya ci abinci, alhali bai samu ko rabin kuzarin da yake buƙata ba. Idan kuma aka zuba gari da yawa, sitacin hatsi yana kumbura a wuta, kunun ya yi kauri har ya gagari haɗiya, sai uwa ta ƙara ruwa, a koma gidan jiya. Ma'aikatan awo suna koyar da cewa kunun yaro ya zama mai kaurin da idan aka karkata cokali ba ya zuba sai a hankali. Maganin wannan matsala yana hannunmu tun da daɗewa, wato tsiro. Hatsin da aka jiƙa ya tsira, aka shanya shi aka niƙa, yana ɗauke da sinadarin da ke tsinka sitaci, saboda haka ɗan kaɗan daga garinsa, idan aka barbaɗa a kunu mai kauri bayan an sauke shi yana da ɗumi, zai sa ya saki ya yi laushi ba tare da an ƙara ko ɗigon ruwa ba, sai dai a mayar da shi wuta ya sake tafasa kafin a ba yaro. Na ga wannan da idona a murhun gidana: kunun da ludayi yake tsayawa a ciki ya koma mai zuba cikin ƴan mintoci. Masu garin ba sa sa tsiro, kuma da za su sa, da garinsu ya fi haka amfani nesa ba kusa ba. Game da dahuwa kuwa babu abin kushewa, domin idan aka fara kwaɓa shi da ruwan sanyi kafin a zuba a tafasasshe ba ya gudaji, kuma yaran gidan ba su taɓa ture shi ba. Ruwan damun dai ya zama mai tsabta kuma ya tafasa sosai, don zawo guda yana kwashe abin da aka tara a mako.

Da aka zo kan ma'adanai sai labari ya sauya. Jariri yana zuwa duniya da ajiyar sinadarin ƙarfe a jikinsa, ajiyar tana ƙarewa wajen wata 6, nonon uwa kuma ba shi da ƙarfe mai yawa, alhali yaron yana buƙatar kusan miligiram 9 zuwa 11 a rana daga wata 6 zuwa shekara ɗaya. A lissafina giram 50 na wannan garin da wuya ya ba da fiye da miligiram 3 ko 4, kuma ko wannan ɗin ba duka jiki yake ɗauka ba, domin hatsi da wake suna ɗauke da wani sinadari mai suna fitet da ke riƙe ƙarfe da zinki ya hana su shiga jini. Jiƙo da tsiro da tsami suna rage fitet, suya kuwa ba ta rage shi sosai, kuma garin nan soyayye ne kawai. Garin masana'antu da na Misola ana zuba musu haɗin bitamin da ma'adanai na musamman domin cike wannan giɓin, na matan nan kuwa babu, kuma shugabarsu ba ta ɓoye mini ba, ta ce haɗin yana da tsada kuma ba a samunsa a kasuwa kamar yadda ake samun gishiri. Akwai hanyar da ta fi kusa da su. A 2018 aka fitar da irin hatsi mai suna Chakti a Nijar, aikin cibiyar binciken noma ta duniya ICRISAT tare da cibiyar binciken noma ta ƙasa INRAN da shirin inganta iri na HarvestPlus, wanda ya fi yawancin hatsinmu ƙarfe da zinki kuma yana nuna da wuri, ga kuma cibiyar INRAN a nan Tarna, ba sai an yi doguwar tafiya neman bayani ba. Kafin su kai ga haka, aikin yana kan uwa: ɗan garin ƴaƴan kuka ko ruwan lemo a kunun bayan ya huce, domin bitamin C yana taimaka wa hanji ɗaukar ƙarfe amma zafi yana kashe shi, ƴar hanta ko nama ko dakakken kifi a abincin rana, sannan a nisanta yaro da shayi a lokacin cin abinci, tunda ganyen shayi shi ma yana riƙe ƙarfe.

Bitamin A kusan babu shi a hatsi da waken suya da gyaɗa, kuma rashinsa ne yake kawo dundumi, ya raunana garkuwar jiki har ƙyanda da zawo su yi wa yaro mummunan kamu. Ana samunsa a hanta, gwaiduwar ƙwai, mangwaro, gwanda, karas, kabewa, manja da ganye mai duhun kore, haka nan a man girki mai ɗauke da tambarin Enrichi da ake sa wa kayan da aka inganta a ƙasashen yankinmu. Ɗigon bitamin A da ake ba yara daga wata 6 zuwa 59 a gidan likita ko lokacin rigakafi bai kamata a bar shi ba don ana shan wannan kunu. Bitamin B12 ba a samunsa a tsirrai, sai a nono da ƙwai da nama da kifi, kalsiyam ɗin garin ma kaɗan ne, kuma a ƙasar da ake kiwon jar akuyar Maraɗi gida-gida abin takaici ne a ce yaro ya shekara biyu bai san ɗanɗanon dafaffiyar madararta a kununsa ba. Aidin, wanda rashinsa yake kawo maƙoƙo kuma yake dakushe ƙwaƙwalwar yaro tun yana ciki, ya danganta ne da irin gishirin da aka zuba, ledar kuwa gishiri kawai ta ce. Ƙungiyar tana yin wani nau'in garin mai zogala, kore-kore, da ganyen da suke sarowa daga Jiratawa su shanya a inuwa, kuma shanyar inuwar daidai ce, domin rana tana cinye bitamin ɗin ganye. Na fi son wannan nau'in, ko da yake yana da ɗan bauri kuma sai da ƴar tamu ta saba da shi a hankali. Zogala tana ƙara bitamin A da kalsiyam da ɗan ƙarfe, amma ɗan abin da ake iya zubawa kafin kunu ya yi ɗaci ba zai maye gurbin ƙwai ko nono ba, duk da kirarin da ake yi mata a rediyo da bakin masu talla.

Sukarin da ke ciki ya fi yadda nake so. Shawarar masana ita ce kada a saba wa yaron da bai kai shekara 2 ba da zaƙi, babba ma kada sukarin da yake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da yake samu a rana. Na lura a gidajen da na sani ana sake zuba wani sukarin a kan na cikin garin, saboda babu inda aka rubuta cewa ya isa. Mai ciwon sukari ya sani cewa garin sitaci ne da sukari tun daga leda. Zuma kuma ba a ba yaron da bai shekara ba ko da a kunu ne.

Akwai wani haɗari da ya fi duk waɗannan, wanda na ji da kunnena a bakin shagon, inda wata mai saye take gaya wa abokiyarta cewa garin maganin tamowa ne. Mutanen Maraɗi ba sa buƙatar a ba su labarin tamowa, domin a 2005 nan ne cibiyar aikin ƙungiyar likitocin MSF, wadda ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar a wannan shekara, yawancinsu da Plumpy'Nut, kwaɓin gyaɗa da madara da mai da sukari da bitamin wanda ƙullinsa ɗaya na giram 92 yake ba da kalori 500. Binciken ƙasa kan tamowa da ake kira SMART na 2022 ya nuna kashi 47 cikin 100 na yaran Nijar ƴan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, kuma jihar Maraɗi tana cikin waɗanda abin ya fi tsanani duk da hatsi da wake da gyaɗa da ayar da take nomawa, wanda ke nuna cewa cikar rumbu ba ta isa ba idan abin da ke shiga kwanon yaro iri ɗaya ne kullum. Garin kunu irin wannan rigakafi ne ga yaro mai lafiya. Yaron da igiyar awon dantse ta nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, ko wanda ƙafafunsa biyu suka kumbura, ko ya daina cin abinci, gidan likita za a kai shi a ranar, inda ake ba da abincin jinya kyauta. Ya kamata a buga wannan gargaɗin a jikin ledar, tare da cewa ba a ba jaririn da bai kai wata 6 ba komai sai nonon uwa, kuma kunu ba ya sa a yaye yaro kafin shekara 2. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF shi ne yaro ya ci daga rukuni 5 cikin rukunonin abinci 8 a kowace rana. Nonon uwa rukuni ne, garin nan ya kawo biyu, hatsi da dangin wake, saura biyu dole su fito daga nono, ƙwai, nama ko kifi, ganye da ƴaƴan itace.

Ga manya garin yana da nasa wurin. Mahaifiyata ta fi jin ƙarfi da shi fiye da koko, kuma dalilin a fili yake, tunda babban mutum yana buƙatar furotin kusan giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, tsoho kuma da ba ya iya tauna nama yakan kasa samun wannan. Mai ciki da mai shayarwa za su amfana da shi, amma ba zai maye musu ƙwayoyin ƙarin jini na ƙarfe da folik asid da ake bayarwa wurin awon ciki ba. Wanda yake da hatsinsa a rumbu, da wakensa a buhun PICS mai leda biyu da ke kashe ƙwari ba tare da magani ba, wanda masu bincike na INRAN a nan Maraɗi suka yi aiki a kansa tare da jami'ar Purdue ta Amurka, zai iya haɗa irin wannan gari a gida da kuɗi ƙasa da haka, ko da farin wake ne a madadin waken suya. Abin da ake biya a ledar shi ne wahalar surfe da wanki da shanya da suya da tsinta da kai niƙa, wadda matar da ke sana'a ko aikin ofis ba ta da lokacinta, kuma a ganina dala 100 ba ta yi yawa a kan wannan aikin ba.

Shagon yana da tsabta, an jera ledojin a kan katako nesa da ƙasa da hasken rana, kuma yarinyar da ke tsaron wurin tana da fara'a, ko da yake ba ta iya amsa tambaya a kan damu ba sai ta kira manyanta. Gari yakan yanke musu a ƙarshen rani zuwa tsakiyar damina, lokacin da hatsi yake tsada a kasuwa, wanda shi ne kuma lokacin da yara suka fi buƙatarsa. Yawanci bayan kasuwar Litinin suke suya da niƙa, don haka wanda ya je tsakiyar mako zai samu sabo. Gara a saya a shagon nasu maimakon hannun masu sari, a tambayi ranar da aka niƙa, a ɗauki leda ɗaya ko biyu kawai, a juye a gwangwani mai murfi da zarar an buɗe, kuma duk wanda ya soma maƙaƙi ko warin tsohon mai a zubar da shi.